Sifilin Da Ba Kai Ka Danna Ba

Daga Allah muke, kuma gare Shi ne komawarmu. Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, da misalin ƙarfe goma da rabi na safe, Allah Ya karɓi ran tsohon shugaban sashen mitoci na kamfanin sabulun da nake aiki, mutumin da kowa ya fi sani da Malam Sifili. Ya cika a gadon asibiti yana da shekara hamsin da takwas, kwana uku bayan ya yanke jiki ya faɗi a 'yar rumfar da yake gyaran sikeli a ƙofar gidansa. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar, da mahaifiya wadda tsufa ya cimma, har yau tana tambaya ko ya taso daga aiki.

Malam, na san ta'aziyya da sanyin zuciya ake rubuta ta. Na gwada, na yaga takarda biyu. Raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye ba. Shekara ashirin da shida ka yi wa kamfanin nan, aka sallame ka da wasiƙa mai layi tara wadda ta ce sakacinka ne ya sa wani ma'aikaci ya rasa ido. Ma'aikacin nan, Dogo mai ɗaurin bututu, yana raye, kuma bai zo jana'izarka ba. Da aka aika masa cewa ka rasu, aka roƙe shi ya yafe, cewa ya yi a bar shi da kai sai gaban Allah. A idon duniya ka kwanta a kabari da haƙƙin mutum a wuyanka, alhali ba kai ka ɗauki haƙƙin ba. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Abin da ya ƙarasa tunzura ni shi ne tawagar da kamfani ya turo gidanka rana ta biyu. Mota biyu suka yo, da hotonka a cikin firam wanda suka ciro daga tsohon katin shaidarka. Jagoransu manajan aiki ne, wanda muke kira Mai Agogo saboda ba ya iya sauraron mutum bai duba tsintsiyar hannunsa ba. Ya miƙe a gaban 'ya'yanka ya ce kai ginshiƙi ne, ya ce kamfani ya yi rashin da ba shi da madadi, har da sa muryarsa ta yi rawa. Ina zaune a bayansa, na ga ya saci kallon agogo sau biyu kafin a shafa addu'a. Mutumin nan shi ne ya sa mai gadi ya zazzage jakarka a ƙasa a bakin ƙofa ranar da aka kore ka, ma'aikata suna kallo, ba a sami komai ba sai filas ɗin shayi da tsohuwar sukudireba da maganin hawan jini. Ranar ban ce uffan ba, kuma a gidanka ma ban ce ba.

Na zo hannunka shekara goma sha bakwai da suka wuce, da takardar shaida a jaka da girman kai fal a ka. Ranar farko ka kai ni gaban wani akwatin ƙarfe mai ƙyalli da aka ɗaura a tsakiyar bututun da ke kai ruwan soda zuwa tankin haɗi, ka ce in ɗora tafina. Na ji wata siririyar kaɗawa, kamar kyanwa tana gurnani a ƙarƙashin hannu. Ka tambaye ni me ke motsi a ciki. Na ce farfela. Ka yi dariya har da riƙe ciki, ka ce lallai makarantarmu ta yi ƙoƙari, amma a cikin wannan babu farfela, babu haƙori, babu abin da ke juyawa ko ɗaya.

Siraran bututu biyu ne a ciki, in ji ka, a lanƙwashe kamar baka, ruwan yana bi ta cikinsu ya fita. Akwai ɗan maganaɗisu da ke kaɗa su ba tsayawa, sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda, kaɗawar da ido ba ya gani. A gefen shiga da gefen fita akwai 'yan na'urori biyu da kake kira kunnuwa. In ruwa a tsaye yake, gefen biyu tare suke lilo, kunnuwan su ji su lokaci ɗaya. In ruwa ya fara tafiya, sai gefen shiga ya riƙa ja da baya, gefen fita ya riƙa riga shi, bututun ya ɗan murɗe. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta ko kusa da ƙiftawar ido, amma ita mitar take aunawa. In ta ƙaru, ruwa mai yawa ke wucewa, in ta ragu, kaɗan ne. Ba lita take ƙirgawa ba, kilo take ƙirgawa. Daga saurin kaɗawar ma tana gane kaurin ruwan, domin bututu cike da soda ya fi na ruwan famfo nauyin jiki wajen lilo.

Ban gane ba, ka kuwa gani a fuskata. Sai ka ja ni wurin wankin motoci, ka ɗauki tiyo, ka lanƙwasa shi ya yi baka a tsakanin hannuwanka, ka shiga lilo da shi gaba da baya. Yana tafiya sumul. Ka ce in buɗe famfo. Ruwa na shiga sai ga tiyon yana murɗewa, gefe ɗaya gaba ɗaya baya, kamar mai ɗingishi. Ka ce in ƙara, ya ƙara murɗewa. Ka ce in ƙure, sai tiyon ya kuɓuce maka, ya wanke akawun kamfani da ke wucewa da fayil a hammata tun daga hula har takalmi. Shekara guda bai amsa gaisuwarmu ba. Ni kuwa tun ranar ban sake mantawa ba, kuma duk wanda ya shigo sashenmu a bayana da tiyon nan aka koya masa.

Sunan Malam Sifili daga abu ɗaya ya samo asali. Irin wannan mita, duk lokacin da aka cire ta aka mayar, sai an nuna mata yadda tsayuwa take. A cika ta da ruwa, a fitar da iska, a rufe bawul ruf, a tabbatar ko ɗigo ba ya wucewa, sannan a shigar da lambar sirri a danna maɓalli. Duk abin da ta ji a wannan mintin, shi za ta riƙe a matsayin sifili. In ka danna alhali ruwa yana silalewa, za ta yarda da kai, kuma daga ranar ba za ta ƙara ganin irin wannan silalewar ba. Ruwa yana tafiya, ita tana rubuta sifili. Aikin minti ɗaya ne, amma kai sai ka kwashe rabin sa'a. Ka kafa bakin sukudireba a jikin bawul, ka ɗora kunne a kan mariƙinta, ka ɗaga mana hannu kowa ya yi tsit. Masu aikin layin haɗa sabulu suna tsaki, suna cewa likita ya fara duba mara lafiya. Ba ka taɓa kula su ba. Mu dai abin da kake ce mana shi ne mita ba ta iya ƙarya da kanta, abin da aka faɗa mata take maimaitawa.

Ba zan ce ba ka da aibu ba, domin ka tsani a yi wa mutum kwalliyar ƙarya. Kana da taurin kai, kana da faɗa, kuma shayinka ko ƙwayar sukari babu, ga shi dole sai mutum ya sha. Ka taɓa sa ni kwance mita sau uku rana ɗaya saboda noti guda ya fi 'yan'uwansa ɗauri, wai bututun a takure yake, ba zai yi lilo da gaskiya ba. Na koma gida ina zaginka a zuci. Amma kai ne, ranar da maiɗakina ta zubar da jini wajen haihuwar 'yan biyunmu, ka iso asibiti da rigar aiki ka miƙa hannu aka ɗebi jini leda guda, ka koma ka ƙarasa aikinka da nawa, ba ka taɓa tayar da maganar ba. Kai ne kake tsayawa da masu shara bayan an tashi kana koya musu karanta allon mita, wai kada wata rana su tsaya inda bai kamata ba. Kuma kai ne ka kira ni gefe shekara shida da suka wuce ka faɗa mini lambar sirrinka, wadda dokar kamfani ta ce kai kaɗai za ka sani. Ka ce, "Rai ba a hannuna yake ba. In na faɗi wata rana, kada aiki ya tsaya. Na san ba za ka danna a kan ƙarya ba."

Yanzu sai in faɗi abin da ya faru, yadda ya faru, ba yadda wasiƙa mai layi tara ta faɗa ba.

Tankin soda a sama yake, a kan gini, don haka kullum ruwan yana danno bututu da nauyinsa. Bawul ɗaya ne tak ke tare shi, a bayan mita. Tun farkon bara bawul ɗin nan ya fara yoyo ta ciki. A waje a bushe yake ƙayau, amma kunnenka ya ji. Sau uku ka rubuta a sayo sabo. Takarda ta biyu da ta uku ni na kai ofishin Mai Agogo da hannuna, na ga ya ɗora kofin shayinsa a kansu. A watan Yuli aka kwashe tankin aka cire mita don wanki. Ranar ce ta fi kowace rana dacewa a canza bawul, amma ba a sayo ba. Aka mayar da mita, aka cika tanki, ya rage a danna sifili a ci gaba da aiki.

Mai Agogo ya zo ya tsaya a kanka. Ka kafa sukudireba, ka saurara, ka ɗago ka ce, "Ranka ya daɗe, bawul yana wucewa. In na danna, na koya mata ƙarya." Ya ce manyan motoci shida suna jiran kaya a waje. Ka ce a ci gaba da aiki a riƙa auna tankin haɗi da sanda, kamar yadda ake yi kafin a kawo mitoci, har bawul ya iso. Ya duba agogo ya tafi. Bayan sa'a ɗaya sai ga takarda, wai ana neman ka a ɗaya reshen kamfani na kwana goma, mota za ta tashi ƙarfe uku. Ka tafi salla da haɗa kaya. Ƙarfe biyu saura minti ashirin ya aiko a kira ni.

"Kai ma ka san lambar, kowa ya sani," in ji shi. "Minti ɗaya ne. In ba za ka iya ba, akwai masu takarda irin taka guda arba'in a fayil ɗina."

Na rufe bawul. Na ɗauki sukudireba na kafa, don in gaya wa kaina na yi yadda ka koya mini. Na ji shi, Malam. Siririn sauti ne, amma na ji shi sarai, ba na tantama. Na ajiye sukudireba, na shigar da lambarka, na danna. Allo ya nuna sifili reras. Mai Agogo ya dafa kafaɗata ya ce ga irin ma'aikatan da ake so. Da ka zo yi mini sallama da jaka a kafaɗa, ka ce in rataya jan kati a jikin mitar, kada kowa ya dogara da ita sai ka dawo. Na ce to. Ban rataya ba, domin in na rataya na tona wa kaina asiri, kuma na ce a raina kwana goma ne kawai, kana dawowa zan faɗa maka mu gyara.

Rana ta shida da tafiyarka aka tura Dogo ya canza robar hana yoyo a wata mahaɗa da ke gaba da bawul, inda bututu ya miƙe sama zuwa bakin tankin haɗi. Dogo ba ragon ma'aikaci ba ne. Ya rufe bawul, ya tsiyaye bututun tas da safe, ya mayar da marfin magudana, ya tafi sito karɓo roba. Mai sito ba ya nan, ya jira shi sa'a biyu. Da ya dawo ya yi abin da kai ka koya masa, ya je ya duba allon mita. Sifili. Jimillar ma ba ta motsa ba ko da kilo ɗaya. Don haka bai sake tsiyayewa ba, bai san cewa a sa'a biyun nan soda ta silale ta sake cika bututun har sama ba. Tabarau ɗinsa na kariya ya yi gumi, ya tura shi goshi don ya ga noti. Ya kafa sifana a mahaɗar da ke saman kansa ya murɗa. Ina cikin shagon gyara na ji ihunsa, kuma tun kafin in fito na san abin da ya faru. Idon hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama dishi-dishi yake gani da shi.

Kwamitin bincike mutum uku ne, kuma Mai Agogo ne ya haɗa musu takardu. Mita tana ajiye tarihin duk wanda ya taɓa ta, ta nuna lambarka da rana da ƙarfe biyu saura minti ashirin. Littafin mai gadi ya nuna ƙarfe uku ka fita. Takardunka uku na neman bawul babu ko ɗaya a fayil. Aka tambaye ka wa ya danna. Ka dubi tebur ka ce, "Lambata ce." Aka sake tambaya ko akwai wanda ya san ta ban da kai. Ka ce, "Lambata ce, ni aka ba amanarta." Ina zaune a kan benci a baranda ina jin komai ta tagar da ba ta rufuwa. Da aka kira ni, na ce ni a shagon gyara nake a lokacin. Ƙaramin littafin da kake ajiye kwafin duk abin da ka rubuta yana cikin akwatin kayana a ranar, inda ka bar mini shi da za ka yi tafiya, da kwafin takardun nan uku a ciki. Ban fito da shi ba.

Ranar da aka zazzage jakarka, na biyo ka har inda ake shiga mota. Na buɗe baki, ka riga ni.

"Na sani. Tun da aka buga mini waya na sani. 'Yan biyu aji nawa suke yanzu?"

Na ce aji huɗu.

"To koma bakin aikinka. Nawa sun tasa. Ni na ba ka lambar, ba a ce in bayar ba."

Malam, ka gafarce ni, amma har da kai nake fushi. Ka san ni fiye da yadda na san kaina. Ka san in ka buɗe mini ƙofa zan bi ta, kuma ka buɗe. Da ka mare ni a bakin titin nan, da ka kama wuyan rigata ka mayar da ni gaban kwamiti, da wataƙila yau kana zaune kana tilasta mini shan shayinka. Ka yi mini alherin da ya fi ƙarfina, ni kuwa na karɓe shi hannu biyu ba kunya. Fushin da nake yi da Mai Agogo babba ne, da shi da waɗanda suka karɓi fayil daga hannunsa ba su tambayi ko bawul nawa aka saya a shekara ba. Amma shi barazana kawai ya yi. Yatsan da ya danna nawa ne.

Wata takwas ka yi bayan nan. Kamfani uku ka je neman aiki, ko'ina labarin wasiƙar ya riga ka isa. Mutumin da ke gane yoyon bawul da kunne ya koma gyara wa masu sayar da nama da hatsi sikeli, kuma ko a nan ɗin sai da wasu suka daina kawo maka, don ba ka yarda ka bar sikeli da ɗan karkata. Sau uku ka je gidan Dogo da ƙafarka, sau uku aka ce maka ba ya son jin muryarka, ka juyo ba ka tona asirina ba. Ni kuwa duk Asabar ina rumfarka da ledar lemo, muna hirar ƙwallo da tsadar kaya. Ina kallon ƙafafunka suna kumbura, ina kallon hannunka yana fara rawa a kan ƙananan sukurori, ina cewa Allah Ya ƙara sauƙi. Likita ya ce hawan jini ne. Ban musa wa likita ba, amma na san abin da ya hau da shi.

Rana ta uku da rasuwarka, babbar 'yarka, wadda take shekarar ƙarshe a karatun injiniya saboda kai, ta tare ni a soro da tire a hannu. Ta rage murya ta ce, "Kawu, kai ka fi kowa sanin aikinsa. Ka faɗa mini gaskiya, ba zan faɗa wa Umma ba. Da gaske Baba ne?" Na ce Allah Ya jiƙansa. Ta dube ni ɗan lokaci, ta ce amin, ta shige ciki. A fuskarta na ga ta ɗauki amsata a matsayin e. Ashe ban tsaya a kanka ba, har 'yarka na fara cuta.

Ranar Litinin na rubuta duk abin da ke sama, na sa hannu, na haɗa da kwafin takardunka uku. Na yi kwafi uku, ɗaya na kai wa shugaban kamfani, ɗaya ƙungiyar ma'aikata, ɗaya ofishin da ke kula da lafiyar ma'aikata a masana'antu. Kafin azahar an karɓe katina an ce in zauna a gida sai an neme ni. Mai Agogo ya wuce ni a baranda, a karon farko ya dube ni bai dubi hannunsa ba. Ban san yadda za ta ƙare da shi ba, kuma ban san abin da 'yan biyu za su ci wata mai zuwa ba. Na dai san abin da ya kamata in yi tun watan Yuli ne na yi a watan Afrilu, bayan an rufe ka da ƙasa.

Daga kamfani gidan Dogo na wuce. Na same shi zaune a kan kujerar roba a bakin ɗakinsa, da baƙin tabarau, tabon ƙuna ya gangaro daga goshi har haɓa. Rediyo na gefensa a kashe. Na tsuguna na faɗa masa komai, ban rage ba.  Can ya kira maiɗakinsa ya tambaye ta sau nawa ka zo. Ta ce sau uku. Ya ce da me ka zo. Ta ce na farko da maganin ɗigawa a ido, na biyu da 'yar rediyon nan, na uku hannu wofi, ka tsaya a rana ka jima. Ba ta taɓa faɗa masa daga ina rediyon ta fito ba.

"Wata takwas," in ji shi, "bayan kowace salla da sunansa nake tashi, ina kai ƙararsa wurin Allah. Kai kuma kana ina?"

Na ce ina wurin aiki.

"Gobe ka zo ka kai ni inda aka sa shi. Ba na gani sosai, sai an riƙe ni."

Na ce to, ni fa?

"Kai ban yafe ba. Ka dai zo da wuri."

Na zo da wuri. Ya ɗora hannu a kafaɗata muka tafi har muka isa kabarinka. Ya durƙusa ya lalubi ƙasar da tafinsa, ya yi maka addu'a mai tsawo, sannan ya ce, "Malam, ba ka yi mini komai ba. Ni ne na yi maka. Ka yafe mini." Ido ɗayan da ya rage masa yana zubar da hawaye ta ƙarƙashin tabarau. Na mayar da shi gida, ya sauke hannunsa daga kafaɗata a bakin ƙofa ya shige bai waiwayo ba. Haƙƙin da aka rataya maka ya sauka, Malam, ya dawo wuyan mai shi, kuma ban roƙi kowa ya taya ni ɗauka ba.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi. Ya tsare mudu da ma'auni a duniya, bai yarda a tauye ko a ƙara ba, Ka nauyaya mizaninsa ranar da za a auna ayyuka. Zaluncin da aka yi masa Ka sa ya zame masa kaffara, shirun da ya yi don 'ya'yan wani Ka saka masa da shi a kan nasa 'ya'yan. Ka ba Dogo lafiya da haƙuri da abin da ya fi abin da ya rasa. Waɗanda suka ɓoye takardu, Ka san su, Ka isar wa bayinKa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka, Allah Ya sanyaya mata, Ya sa ta cika da imani. Ga maiɗakinka, wadda ta yi wata takwas tana kawo mini ruwa a rumfa tana yi mini godiyar zumunci, Yaya, ban san da wace fuska zan sake shigowa gidanki ba, Allah Ya ba ki haƙurin rashi da haƙurin abin da za ki ji. Ga 'ya'yanka biyar, Allah Ya raya ku a kan halinsa, ku ɗaga kai duk inda aka ambaci mahaifinku.

Ke kuma 'yata, takardar nan hannunki za ta fara shiga kafin kowa ya karanta. Kin yi mini tambaya a soro na ba ki amsar matsoraci. Ga amsarki yanzu. A'a, ba Babanki ba ne. Ya saurara, ya ji, ya ƙi dannawa. Ni ne na danna. Ki faɗa wa Umma.